Kuɗin Jirgi Ba Ya Sayen Tsibiri

Dukkan yabo da godiya sun tabbata ga Allah, Ubangijin tudu da teku. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa, da waɗanda suka bi tafarkinsu har zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, zamani ya zo da wata irin tafiya wadda mutanen da ba su saba da ita ba. A da, mutum ba ya ɗaure kaya ya bar gida sai don fatauci, ko neman ilmi, ko aikin hajji, ko sada zumunci, ko kuwa gudun wata masifa. Yanzu kuwa miliyoyin mutane ne ke ƙetare ƙasashe a kowace shekara ba don kome ba sai don su gani da idanunsu, su huta, su koma gida. Wannan shi ake kira yawon buɗe ido, kuma Musulmi masu hali suna cikin masu yinsa. Saboda haka ya kamata a tsaya a yi tambaya guda: mutumin da ya biya kuɗi, aka ɗauke shi a jirgin ruwa aka kai shi wani wuri don ya yi kallo, mene ne kuɗin nan ya saya masa, mene ne kuma bai saya masa ba? Tambayar za ta fi fitowa fili idan aka ɗora ta a kan wuri guda sananne, maimakon a yi ta zance a iska.

A kudancin ƙasar Tailan, tsakanin tsibirin Fuket da babbar ƙasa, tekun Andaman ya kutsa cikin tudu ya yi wani babban mashigi da ake kira Fanga. A shekarar 1981 gwamnatin ƙasar ta keɓe wani sashe nasa, mai faɗin kimanin murabba'in kilomita 400 da tsibirai sama da 40, ta mai da shi wurin da doka ta tsare. Tsibiran nan duwatsu ne na farar ƙasa, sun fito daga cikin ruwa a tsaye kyam kamar an kafa su da hannu, kawunansu lulluɓe da itatuwa. Ruwan sama da igiyar teku sun daɗe suna cin su, har suka rarake cikinsu suka yi koguna. Akwai tsibiran da rufin kogonsu ya rufta tuntuni, sai cikin dutsen ya zama fili mai ruwa, bango ya kewaye shi, sama a buɗe. Mutanen wurin suna kiran irin wannan da kalmar da ke nufin ɗaki a harshensu, kuma ba a shigarsa sai da ƙaramin kwalekwale, ta wata ƙofa mai duhu, a daidai lokacin da ruwan teku ya janye. A gefen mashigin kuma akwai kurmin wasu itatuwa masu rayuwa cikin ruwan gishiri, waɗanda saiwoyinsu ke tsaye a waje bisa taɓo. A tsakanin saiwoyin nan ƙananan kifaye da ƙaguwa da jatan lande ke girma kafin su fita babban ruwa.

Yawancin baƙi kwana ɗaya suke yi a wannan zagaye. Da safe a ɗauke su daga bakin gaɓa, wasu a jiragen zamani masu gudu, wasu a dogayen kwalekwalen katako waɗanda aka ɗora wa inji a baya. A bi da su ta kurmi da koguna, sa'an nan a tsaya a gaban wani siririn dutse mai tsawon kimanin mita 20, wanda kansa ya fi gindinsa kauri, ana ce masa Ko Tafu, watau tsibirin ƙusa. Dutsen nan bai yi suna a duniya ba sai da aka nuna shi a wani fim na Jemis Bond a shekarar 1974, daga nan kuwa jama'a suka yi ta kwarara har aka laƙaba wa wurin sunan ɗan fim ɗin. Idan rana ta take, sai a juya da baƙi zuwa wani ƙauye don cin abinci. A nan ne tambayar da aka yi a sama take samun nauyinta, domin ƙauyen na Musulmi ne.

Sunansa Ko Fanyi. Mutanensa zuriyar wasu masunta ne Musulmi waɗanda suka zo daga Jawa, cikin ƙasar Indunusiya ta yau, fiye da shekara 200 da suka wuce. Tsibirin kansa kusan duk dutse ne, busasshiyar ƙasar da ke gindinsa 'yar kaɗan ce, saboda haka suka kafa turaku a cikin ruwa suka gina gidajensu a kai. Abin lura shi ne, 'yar ƙasar da suke da ita sun ba da ita ga masallaci da maƙabarta, su kuwa rayayyu suka zauna bisa ruwa. Yau garin yana da mutum sama da 1,000, da makaranta, da kasuwa, da masallaci mai ƙubbobi masu ruwan zinariya waɗanda ake hangowa daga nesa. Ba a sayar da giya ko naman alade a cikinsa, kuma mutanensa suna roƙon baƙi su suturta jikinsu kafin su shigo. Yaran garin, da suka ga gasar cin kofin ƙwallon ƙafa ta duniya ta 1986 suka rasa filin wasa, sai suka tattara tsofaffin katakai suka haɗa fili mai shawagi a kan ruwa, kuma labarin wannan fili ya zagaya duniya. Ƙasar Tailan yawancin mutanenta mabiya addinin Buda ne, amma a wannan mashigi Musulmi suna da yawa, har manyan tsibirai biyu da ke tsakiyarsa, Ko Yawo Noi da Ko Yawo Yai, mafi yawan mazaunansu Musulmi ne.

To, da farko, ita kanta tafiyar mene ne hukuncinta? Malamai sun bayyana cewa tafiya tana ɗaukar hukuncin manufarta. Akwai ta wajibi kamar hajjin farilla, akwai ta mustahabbi kamar ziyarar 'yan'uwa, akwai ta haram kamar wadda aka yi don saɓo, akwai kuma wadda aka bar wa mutum zaɓi. Fita don ganin halittar Allah da hutar da rai tana cikin wannan kashi na ƙarshe, muddin da halal aka yi ta, ba a tozarta wani wajibi saboda ita ba, kuma ba a bar iyali da yunwa ko mai bin bashi yana jira ba. Niyya tana iya ɗaga ta zuwa abin lada, domin Alƙur'ani ya yi umurni a wurare da dama da a yi tafiya a bayan ƙasa a duba. A Suratul Baƙara, aya ta 164, an lissafa jiragen da ke gudana a teku da abin da ke amfanin mutane cikin ayoyin Allah ga masu hankali, tare da sammai da ƙasa da sauyawar dare da rana. Ashe ke nan wanda ya zauna a kwalekwale a mashigin Fanga yana zaune ne a kan aya, kuma ayoyi sun kewaye shi.

Sai dai akwai bambanci tsakanin kallo da lura. Kallo aikin ido ne, ko tunkiya tana yinsa. Lura kuwa sai zuciya ta sa hannu. Mutum biyu za su iya zama a jirgi ɗaya, su wuce ta gindin dutse ɗaya. Ɗayan ya tuna cewa ɗigon ruwa mai taushi ne aka hore wa rarake wannan dutse cikin shekarun da ba wanda ya iya ƙirga su, ya ga ƙanƙantar kansa da gajartar kwanakinsa. Ɗayan kuwa ya juya wa dutsen baya, ya ɗaga wayarsa, domin abin da ya zo nema shi ne hoton kansa, dutsen ado ne kawai a bayansa. Hoto ba laifi ba ne a kan kansa. Laifin yana ga zuciyar da ta ɗauka cewa duk abin da ido ya faɗa a kansa an ajiye shi ne dominta. Daga wannan zato ake samun kalmar da masu yawon buɗe ido suka fi yawan faɗa idan an yi musu magana, watau “ai na biya kuɗina”.

Gaskiya ne ya biya. Amma a fiƙihu kowace yarjejeniya tana da iyaka, kuma ba wanda ke sayar da abin da bai mallaka ba. Abin da ke tsakanin baƙo da mai jirgi haya ce: wurin zama, da kai shi wurare sanannu, da dawo da shi, wataƙila da abincin rana. Abin da ke tsakaninsa da hukuma kuwa izinin shiga ne. Mai jirgi bai mallaki mutuncin matan Ko Fanyi ba balle ya sayar, hukuma ba ita ta halicci kifi da tsuntsu ba balle ta ba da su kyauta, ran baƙon kansa ma ba nasa ba ne da zai yi caca da shi. Waɗannan hakkoki uku suna nan daram bayan an biya kuɗi, kuma kowannensu za a tambaye shi. Suratul Isra'i, aya ta 36, ta sanar da cewa ji da gani da zuciya duk ababen tambaya ne, ba a kuwa togace ranakun hutu ba.

Hakki na farko na mutanen gari ne. Ko Fanyi ba shi da tituna, sai 'yan siraran hanyoyi bisa turaku waɗanda ke ratsa tsakanin gidaje, ƙofa na kallon ƙofa. Zafi da gumin teku suna sa a bar ƙofofi da tagogi a buɗe. Wanda ya bar rumfunan abinci na bakin ruwa ya shiga cikin gari, to, a ƙofar ɗakunan mutane yake tafiya, inda tsohuwa ke kishingiɗe, uwa na shayarwa, yaro na wanka. Suratun Nur, aya ta 27, ta hana shiga gidajen mutane sai da neman izini da sallama. Buhari da Muslim kuma sun ruwaito daga Sahlu ɗan Sa'adu labarin wani mutum da ya leƙa ɗakin Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ta wata kafa, Annabi ya tsawata masa ƙwarai, ya kuma bayyana cewa saboda ido aka shar'anta neman izini. Idan leƙen ido ɗaya na ɗan lokaci ya jawo wannan tsawa, ina ga kyamara, wadda ke ɗauke abin da ta gani ta adana shi, sa'an nan ta baza shi a intanet ga dubban idanun da mai ɗakin bai san da su ba? Buɗaɗɗiyar ƙofa ba izini ba ce, talauci ko ƙuncin wuri kuma ba ya zubar da alfarmar gida.

Akwai kuma hadisin Abu Sa'idul Khudri a kan hakkin hanya, inda aka lissafa runtse ido, da kame cuta, da amsa sallama, da umurni da kyakkyawa da hani ga mummuna. An faɗe shi ne ga masu zama a bakin hanyar garinsu, to, mai ratsa hanyar garin wasu ya fi cancanta da ya kiyaye shi. Hausawa sun ce baƙo ko da ido makaho ne. Bai san wace ƙofa ce ake zaman makoki a bayanta ba, bai san wane yaro ne maraya ba, bai san abin da ake jin kunyarsa a garin ba. Maganin makanta irin wannan shi ne tambaya da sassauta tafiya. Mai karatu wanda ya taɓa ganin baƙi sun tsaya a kan marina a Ƙofar Mata ta Kano suna ɗaukar hoto ya san bambancin wanda ya yi sallama ya nemi izini da wanda ya ɗora wa dattijo kyamara a fuska kamar ya ga wata dabbar dawa. Abin da mutum ba ya so a yi wa mahaifinsa a bakin sana'arsa, bai kamata ya ƙetare teku ya yi wa mahaifin wani ba.

Ga baƙo Musulmi kuwa hakkin ya ninku, domin waɗannan 'yan'uwansa ne a addini. Lokacin da jirage ke tsayawa a garin bai da nisa da lokacin azahar. Abin takaici ne Musulmi ya ɗauki hoton ƙubbar masallaci ta kowace fuska, ya koma jirgi bai sa goshinsa a ƙasa a cikinsa ba. Matafiyi an yi masa rangwamen ƙasaru, ba a ɗauke masa salla ba, ko a cikin jirgi ma ana yinta, a fuskanci alƙibla gwargwadon iko. Idan ya shiga sahu zai tarar yawancin Musulmin wannan yanki mazhabar Imamu Shafi'i suke bi, zai ga 'yan bambance-bambance da abin da ya saba, kuma wannan kansa ilmi ne. Ibn Baɗɗuɗa, wanda ya bar Tanja a 1325 ya kuma ratso har Takadda ta ƙasar Nijar ta yau a 1353, ya sauka a tsibirin Sumatara, kudu da wannan teku, wajen shekarar 1345. Abin da ya kawo labari daga can shi ne sarkinsu da mazhabarsu da yadda suke girmama malamai. Suratul Hujurati, aya ta 13, ta bayyana cewa an yi mutane dangogi da ƙabilu ne don su san juna. Sanin juna kuwa ba ya samuwa ta bayan gilashin kyamara.

Hakki na biyu na sauran halitta ne. Suratul An'am, aya ta 38, ta nuna cewa dabbobi da tsuntsaye al'ummomi ne kamar mutane. Abu Dawuda ya ruwaito cewa a wata tafiya sahabbai sun ɗauki 'ya'yan wata tsuntsuwa, ta zo tana shawagi cikin damuwa, Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya umurce su da su mayar mata da 'ya'yanta. A tafiya wannan ya faru, watau matafiyi ba a yafe masa cutar da abin da ya tarar ba. Kogunan Fanga gidajen jemagu ne da tsuntsaye, saiwoyin kurminsa renon kifi ne, kifin nan kuwa shi ne abincin masuntan da suka riga baƙo zuwa. Leda ɗaya da aka jefa a ruwa, ko ɓallen dutse ɗaya da aka fasa a kogo don tsaraba, mai yinsa yana ganin ba kome ba ne. Amma ba shi kaɗai ba ne, dubbai ne a bayansa, kowa yana faɗin abin da ya faɗa.

Shaida tana nan kusa. Tun shekarar 1998 aka hana jiragen baƙi matsawa kusa da Ko Tafu don kada gindin dutsen ya ƙara zaizayewa. Kudu da bakin mashigin kuma, a tsibiran Fi Fi, akwai wani ɗan lungun teku mai suna Maya, wanda wani fim na shekarar 2000 ya fito da sunansa. Jama'a suka yi masa caa, dubbai a kowace rana, jirage suna jefa anga a kan murjani, har yawancin murjanin ya lalace. A watan Yuni na 2018 hukuma ta rufe wurin ɗungum, ba a sake buɗe shi ba sai a Janairun 2022, da sharuɗɗa masu tsanani. A tsakanin nan ƙananan kifayen shak da suka ƙaurace wa wurin suka dawo. Ba wanda ya je Maya da niyyar ɓarna, kowa sha'awa ce ta kai shi, amma sha'awar da ba ta da linzami ta yi aikin da ƙiyayya kan yi. Suratur Rum, aya ta 41, ta danganta ɓarnar da ke bayyana a tudu da teku ga aikin hannun mutane, kuma ta nuna cewa ɗanɗana musu sakamakon da ake yi don su komo ne. Imamu Malik ya kawo a Muwaɗɗa hadisin da ya hana cuta da cutarwa, wanda malamai suka mai da shi ɗaya daga cikin manyan ƙa'idojin fiƙihu. Dokar da hukuma ta kafa don kare irin waɗannan wurare tana ƙarƙashin wannan ƙa'ida, saboda haka wanda ya ba mai jirgi 'yan kuɗi a ɓoye don ya ƙetare iyaka ya haɗa laifi biyu, ga ɓarna ga cin hanci.

Hakki na uku na rai ne, nasa da na abokan tafiyarsa. Daga wajen watan Mayu zuwa Oktoba iskar damina tana kaɗawa a tekun Andaman, teku na iya sauya fuska cikin ɗan lokaci. Ranar 5 ga Yuli 2018 wani jirgin masu yawon buɗe ido ya kife kusa da Fuket cikin guguwa, mutum 47 suka rasu. Baƙon da ya ƙi sa rigar da ke hana nutsewa don kada ta ɓata masa hoto, ko ya matsa wa mai jirgi lamba a fita alhali hadari ya haɗo, wai don kwanakinsa sun ƙare kuma ya riga ya biya, ya jahilci ma'anar tawakkali. Tirmizi ya ruwaito cewa an umurci mai raƙumi ya ɗaure raƙuminsa sa'an nan ya dogara ga Allah. Buhari kuma ya ruwaito daga Nu'umanu ɗan Bashir misalin mutanen da suka yi ƙuri'a a kan jirgi, wasu suka sami sama wasu ƙasa, na ƙasa suka so su huda rabonsu don su ɗebi ruwa ba tare da damun na sama ba. Idan aka ƙyale su kowa ya halaka, idan aka riƙe hannunsu kowa ya tsira. An buga misalin ne a kan al'umma da dokokin Allah, amma a kan ruwa zahirinsa ma gaskiya ne. A cikin kwalekwale ba wanda zai ce wannan gefen nawa ne, in ga dama in tsaya a kansa.

Mai yiwuwa wani ya ce: duk wannan tsanani na mene ne, alhali mutanen tsibiran da kansu suke neman baƙi? Ba su ne suka gina rumfunan abinci da shagunan tsaraba ba? In baƙi suka daina zuwa, wa zai sha wahala in ba su ba? Wannan magana tana da ƙamshin gaskiya, bai kuwa kamata a yi watsi da ita ba. A shekarar 2019 baƙi kusan miliyan 40 suka shiga Tailan. Da annobar korona ta rufe hanyoyi, a 2021 ba su kai rabin miliyan ba, masu jirage da masu rumfuna kuwa suka ji jiki ƙwarai. Saboda haka ba a ce kowa ya zauna gida ba. Wanda ya je ya ci abincinsu, ya hau jirginsu, ya sayi kayansu da farashin adalci, ya taimake su ta hanya mafi mutunci, watau ciniki. Amma buƙatar mutum ga kuɗin wani ba ta halatta wa mai kuɗin abin da ya haramta. Hasali ma a nan ake gane mai tsoron Allah, domin wanda ya san cewa mai masaukinsa ba zai iya ce masa a'a ba, shi ya fi kamata ya hana kansa da kansa. Murmushin mai rumfa ga wanda ya shigo garin Musulmi da rigar wanka ba yarda ba ce, sau da yawa haƙurin mai neman abinci ne.

Su ma masu masauki da nasu nauyin. Baƙonka annabinka, in ji Hausawa. Mai jirgi amini ne a kan rayukan da ya ɗauka, ba ya halatta ya ɗora fiye da abin da jirgi zai iya, ko ya fita bayan an yi gargaɗi don kwaɗayin kuɗin yini ɗaya. Mai shago ba ya halatta ya ninka wa baƙo farashi don ya ga bai san gari ba, ko ya sayar masa da jabu da sunan na gaske. Iyaye kuma kada su bari riba ta janye yaro daga makaranta zuwa tallar tsaraba. Mutanen Ko Fanyi sun nuna cewa ana iya karɓar baƙi daga ko'ina a duniya ba tare da an sayar musu da giya ba, ga shi kuwa baƙin ba su daina zuwa ba. Wannan darasi ne ga duk garin Musulmi da ke tsoron cewa riƙo da addini zai kore masa kasuwa.

Saura abu guda, wanda teku ya fi kowane malami iya koyar da shi. Ranar 26 ga Disamba 2004 girgizar ƙasa a ƙarƙashin teku kusa da Sumatara ta tayar da igiyar ruwa wadda ta halaka mutum sama da 200,000 a ƙasashe da dama. A Tailan kaɗai sama da 5,000 suka rasu, kuma lardin Fanga ne ya fi yawan mamata, a gaɓarsa ta yamma mai fuskantar babban teku. Masunta da baƙi, Musulmi da waɗanda ba Musulmi ba, mai kuɗi da talaka, ruwa bai tambayi kowa takardarsa ba. Ba ya halatta ga wani ya yanke hukunci cewa azaba ce aka saukar wa su wane, domin wannan ilmin Allah ne, kuma hadisi ya lissafa wanda ya nutse cikin masu samun ladan shahada. Abin da ya rage ga mai rai shi ne wa'azi. Alƙur'ani ya siffanta halin ɗan Adam a kan ruwa a Suratu Yunus da Suratul Ankabut da Suratu Luƙman: idan igiya ta taso ya kira Allah da zuciya ɗaya, idan ƙafarsa ta taka tudu ya manta. Wanda ya taɓa jin kwalekwale ya karkata da shi a tsakiyar mashigi, gaɓa ta yi nisa, ya san wannan kira a cikin ƙirjinsa. A wannan lokaci ba wanda ke tuna cewa ya biya kuɗinsa.

Saboda haka, duk wanda Allah Ya hore wa zuwa irin waɗannan wurare, ya gyara niyyarsa tun daga gida, ya ambaci sunan Allah yayin hawa jirgi, ya sa rigar kariya, ya bi umurnin mai jirgi da dokar wuri. Ya riƙe shararsa har ya komo tudu, kada ya ɓalli kome, kada ya firgita wata halitta. In ya shiga gari ya suturta jikinsa, ya yi sallama, ya nemi izini kafin hoto, in an hana shi ya haƙura da fara'a. Ya yi sallarsa a kan lokaci, ya yi ciniki da sauƙi, ya bar wa mutanen wurin abin da za su tuna shi da alheri. Idan ya dawo gida kuwa, ya auna tafiyar da ma'auni guda: shin tsoron Allah da tausayin bayinSa sun ƙaru a zuciyarsa, ko kuwa hotuna ne kaɗai suka ƙaru a wayarsa?

Allah Ya kiyaye matafiya a tudu da teku, Ya jiƙan waɗanda ruwa ya ci, Ya yi albarka ga masu neman halal a bakin gaɓa, Ya sa a dace da abin da Yake so, Ya kuma yarda da shi. Amin.